Baba Riƙo

Shekara goma sha tara ina buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, tun muna fama da tafireta mai ƙarar tsiya har aka kawo mana kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Wanda aka ɗauka aiki da wanda aka kora, duk ta ƙarƙashin yatsuna takardarsu ke wucewa. Ba a tambayata ra'ayi, ni ma na daɗe da daina bayarwa.

A sashen ruwa akwai wani dattijo da muke kira Baba Riƙo. Tun da tsohon shugaban sashen ya rasu aka ce ya riƙe kujerar kafin a tabbatar da shi, shekara goma sha ɗaya ke nan duk takardar da na buga masa sai na sa "mai riƙon ƙwarya" a ƙarƙashin sunansa. Direbobi har tsokanarsa suke yi, wai Baba hannun bai sage ba? Sai ya yi dariya ya ce ƙwaryar ba ta da nauyi. Ƙarya yake. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma burinsa ɗaya, ya ga takardar da ta kira shi shugaba ba tare da wannan wutsiyar ba. Ya kuwa cancanta, don duk bututun da ke binne a garin nan ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Da sabon Ciyaman ya hau, Baba har sabuwar riga ya ɗinka. Bayan wata uku Sakatare ya miƙo mini rubutun hannu in buga, an naɗa shugaban sashen ruwa. Na duba sunan, ashe ɗan ƙanwar Ciyaman ne, wanda ko sifana bai taɓa riƙewa ba. Na buga, to me zan yi? A ranar nan Baba ya kwashe taswirorinsa daga babban tebur ya koma wani ƙarami a bayan ƙofa, inda fanka ba ta kaiwa.

Ɗan Gata muka sa wa sabon shugaban. Litinin da Alhamis yake leƙowa, ya sha iska ya fita. Sau ɗaya tak ya ba da umarni, ya ce a ratsa da bututu ta cikin babbar kwata don ruwa ya isa sababbin gidajen abokan kawunsa da wuri. Baba ya ce ba a yi, bututu da kwata ba sa haɗa hanya. Ya rubuta a takarda, ni na buga ta, ni na sa ta a fayil. Ɗan Gata ya kawo leburorinsa suka yi.

Da damina ta kankama bututun ya tsage a cikin kwatar. Yaran unguwar gangare suka kama amai da gudawa, biyu ba su tashi ba. Aka ce kwamitin bincike na zuwa daga sama ranar Laraba.

Ranar Litinin Sakatare ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Ya ce Ɗan Gata ya tafi ƙaro karatu, kuma a iya saninsa ba a taɓa naɗa shi komai ba. Sannan ya ajiye mini rubutu biyu. Na farko na tabbatar da Baba a matsayin cikakken shugaban sashen ruwa, da kwanan watan bara, kafin a taɓa kwatar. Na biyu na korarsa saboda sakaci, da kwanan watan ranar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba fa ya rubuta ya ce kada a yi."

"Ina takardar?"

"Tana fayil."

"Duba mana, Malama."

Na duba, ba ta nan, ta naɗin Ɗan Gata ma ba ta nan. Sakatare ya cire tabarau ya murza idanu, shi ma a gajiye yake. Ya tambaye ni lafiyar yara, ya ce babbar 'yar tawa ta kusa gama makaranta ko? Na gane karatun. Na koma kujerata na buga duka biyun, raina kamar ya fita don baƙin ciki, kuma har yau ina jin kunyar kaina.

Da azahar Baba ya zo karɓa. Na ce ya zauna, ya ƙi. Ya karanta ta farko a tsaye, leɓɓansa na motsi, ya kai ƙarshe ya sake komawa sama. Na ce, "Baba, akwai ta biyu." Ita ma ya karanta ta har ƙarshe.

"Ke kika buga, 'yata?"

"Ni ce, Baba. Ka yafe mini."

"Ba kuskure ko ɗaya," in ji shi. "Iyayen yaran nan, an gaya musu ni ne?"

"Gobe za a liƙa a allon sanarwa."

Ya gyaɗa kai. Ya ninke ta biyun gida huɗu ya tura aljihu, ta farkon kuwa ya riƙe ta da hannu biyu.

"Samo mini babban ambulan, kada ta lanƙwashe. Tsohuwa, uwar 'ya'yana, na gida, kullum sai ta tambaye ni ko takardar ta fito."

"Ɗayar fa, Baba?"

"Ɗayar ai za ta ji a gari."

Na jawo aljihun tebur na ba shi ambulan ɗin.