Gogen Marwei a Hannun Sekai

Shekarar da ƙungiyar makaɗa ta ƙasa za ta cika sittin, Marwei ta san abin da take so a yi mata, sai dai ba ta faɗa wa kowa ba. A ganinta ba sai ta faɗa ba.

Ita ce baƙar fata ta farko da ta zauna cikin masu goge, tun ƙungiyar tana ta Turawa zalla, lokacin da mai gadi kan tare ta a ƙofa ya tambaye ta kayan wa ta ɗauko. Da Turawan suka watse tana nan. Da ƙasa ta yi zafi, 'yan gida ma suka bi su Johannesburg da Landan, tana nan. An yi shekarun da ƙungiyar ba ta cika benci uku ba, suna gwaji a ɗakin taron wani coci a unguwar Highfield ta Harare, in wuta ta ɗauke su ja kujeru bakin taga. Ita ta kawo masu mbira, abin kiɗan gargajiyar ƙasar, cikin shirin kiɗansu, har mutanen unguwa suka fara zuwa kallo. Yanzu ita ke kujerar farko, dab da madugu mai sandar jagorantar kiɗa, ita ke ba sauran sautin da za su daidaita kayansu a kai.

Abin da take so shi ne wani dogon kiɗa na Turawa, wanda goge ɗaya ke tsayawa gaba yana jan ragama, ƙungiya duka tana amsa masa. Ta daɗe tana koyonsa a ɗakinta.

Ranar zaman kwamitin shiri, Baba Gwenzi, shugaban kwamitin, ya shigo yana murza hannu.

"Amai Nhidza, yau sai kin ba ni tukwici," ya ce wa Marwei, don Amai shi ne lakabin girmamawa na iyaye mata a can. "Kiɗan nan da kike yawan zancensa, shi za mu rufe biki da shi."

Marwei ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta.

"Kuma kin san wa ya amsa zai zo ya yi mana? Ƙanwarki! Sekai da kanta, daga Jamus. Ko kwabo ta ce ba ta so."

Aka tafa. Tarusenga, matashin madugun, har da buga tebur. Marwei ma ta tafa, don idanu na kanta.

"Madalla," ta ce. "Ashe ta tuna hanyar gida."

Suka yi dariya, sun ɗauka wasan 'yan'uwa ne.

Marwei ce ta koya wa Sekai riƙon bakan goge, tana ƙwanƙwasa mata yatsu da fensir. Da gurbin karatu a waje ya fito, Marwei na da goyo, uwarsu kuma na kwance, sai ƙaramar ta tafi. Tun daga nan ake ganin ta a hotuna da dogayen riguna. Ba da jimawa da zaman kwamitin ba hoton tallar bikin ya bazu a Harare, an manna shi a jikin motocin haya da bangon kantuna: Sekai ta rungume goge, ido a lumshe, a ƙasa an rubuta wai 'yar ƙungiya ta dawo gida. Yarinyar da ba ta taɓa zama cikin ƙungiyar ba ko na yini guda! Sunan Marwei na can ƙasa, sai ka kanne ido.

Sekai ta sauka a gidan yayarta, ta ƙi otal. Ta zauna a tabarma tana cin sadza, tuwon masararsu, da ganye da hannu, tana lumshe ido kamar a hoton.

"Mukoma, wallahi babu mai tuƙa sadza kamarki," in ji ta, don haka suke kiran yaya.

"To, ko ba komai na iya wani abu."

"Kai, Mukoma! Har yanzu bakin nan naki?"

"Ci ki ƙoshi. Can na ji ganye ɗanye kuke ci kamar awaki."

Maigidan Marwei, wanda rabonsa da zuwa kallon kiɗa har an manta, ya sa aka goge masa kwat.

A wurin gwaji Marwei ta kasa kunne tana neman kuskure, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta samu guda biyu ƙanana, ta riƙe su a ranta tana juyawa, suna yi mata daɗi. Da Sekai ta juyo ta ce, "Masu goge, a nan ku ɗan sassauta mini," Marwei ta ce, "Haka muke yin sa a nan."

"Amai, yadda baƙuwa ke so za a yi," in ji Tarusenga a hankali.

Baƙuwa. Marwei ta ja layi a takardar kiɗanta har fensirin ya huda ta.

Ranar Asabar da la'asar zaure ya cika maƙil, har da na tsaye. Aka fara da kiɗan da aka buɗe ƙungiyar da shi a zamanin Turawa, aka bi da na mbira, wanda Marwei ta sha faɗa kafin a yarda da shi. Baba Gwenzi ya yi jawabi, ya ambaci sunanta a tsakiyar wasu sunaye. Sannan Sekai ta fito cikin jar riga, zauren ya ɗauka da tafi kamar ana ruwa a kan kwano.

Ta yi kashi na farko da na biyu, babu ko ɗaya daga kurakuran nan. Ana tsakiyar na ƙarshe, inda kiɗan ke gudu, sai aka ji tas! Tsirkiyar sama ta gogen Sekai ta tsinke, ta nannaɗe kamar gashi.

Kowane mai goge ya san abin da ake yi. Mai kujerar farko ke miƙa nasa, a ci gaba. Sekai ta juyo, hannu a miƙe, idonta fal tsoro irin na yarinyar da ake ƙwanƙwasa wa yatsu.

Marwei ba ta motsa ba. Ba a fi numfashi biyu ba, amma a cikinsu ta ga komai: kiɗan ya wargaje, madugu ya sauke sanda, jar rigar ta fice a kunyace. Abin ya yi mata zaƙi har cikin haƙora. Tarusenga ya zaro mata ido. Sai ta ga hannunta ya riga ya miƙa gogen.

Sekai ta cafe, ta sa a wuya, ta faɗa cikin kiɗan daidai inda ya kai.

Na kusa da Marwei ya ba ta nasa, ta ci gaba da bi, amma kunnenta na wuri guda. Gogenta ne, mai tabo a gefe, wanda ta yi shekaru tana cewa muryarsa ta dushe, shi ya sa ba a jin ta daga bayan zaure. Ga shi yanzu yana kuka, yana dariya, yana kaiwa har kujerar ƙarshe. Ba ta taɓa sanin da wannan murya a cikinsa ba. Ashe ba gogen ba ne.

Da aka gama mutane suka miƙe tsaye, mata na guɗa. Sekai ta jawo ta gaba, ta ɗaga hannunta sama. Marwei ta yi murmushi har kumatunta suka gaji.

A bayan dandali Sekai ta faɗa jikinta tana haki.

"Mukoma, kin cece ni! Na ce yau na mutu. Kuma gogen nan naki, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Ki bar mini shi in yi wata guda da shi, in bar miki nawa."

"Ba ni kayana."

"Wasa nake..."

"Na sani. Ba ni."

Ta karɓa, ta goge gumin ƙanwarta daga jikinsa da gefen zaninta, ta rufe akwati.

Washegari bayan coci, Sekai ta tafi gaida dangi, Marwei ta shiga ɗaki ta ɗauko gogen. Ta ja wurin nan da ya yi kuka jiya. Ta sake ja. Muryar da ta sani ce ta fito, mai tsabta, daidai, ba ta wuce bangon ɗakin ba. Tana cikin na uku maigidan ya leƙo, rediyo a hannu.

"Amai, ɗan dakata mana. Ga shi suna maimaita na Sekai."

Ta dakata. Ta zauna a bakin gado, baka a cinya, ta saurari gogenta a rediyo har ƙarshe.

A zaman kwamiti na gaba, kafin Baba Gwenzi ya buɗe baki, ta ce baɗi ita za ta tsaya gaba, kuma ga kiɗan da take so. Aka dubi juna.

"Ai da kin yi magana tuntuni, Amai," in ji shi. "Mu mun ɗauka ba kya so."

Da shekara ta zagayo ta yi shi a watan Yuni, lokacin sanyin ƙasar, zaure rabi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, aka tafa mata sosai, a zaune. Sekai ta aiko da furanni tun daga Jamus, manya, masu tsada. Marwei ta ce wa mai kawowa ya wuce da su coci, gobe akwai ɗaurin aure.