Farin Fenti a Ɗakin Sigina

Da Salmanu ya san abin da zai tarar ranar Litinin, da ko raƙumi za a yanka a Doma, bai bar makullin ɗakin sigina a hannun Iorliam ba.

Ɗakin sigina wani ɗan bene ne na jan bulo a gefen layin dogo, can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Lafia. Tun zamanin Turawa aka gina shi. A samansa akwai sandunan ƙarfe goma sha huɗu a jere, waɗanda mutanen reluwe ke kira liba, da su ake buɗe wa jirgi hanya ko a tsayar da shi. Malam Ari, mahaifin Salmanu, shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan su, tun ana ganin jirgin kwal ya taso daga Inugu ya ratso Makurɗi ya nufi Kafanchan. Jirage suka yi ta raguwa, daga kullum zuwa mako-mako, daga nan sai in Allah ya kawo. Malam Ari ya yi ritaya, ba wanda ya zo karɓar makulli. Da ya rasu, makullin ya faɗo hannun ɗansa tare da rediyo da buta.

Shi Salmanu tela ne, bai taɓa cin albashin reluwe ba. Amma kowace Juma'a kafin masallaci sai ya hau benen ya kaɗe ƙura, ya ɗiga wa libobin baƙin mai. Ƙasan benen kuwa ya bar wa maƙwabcinsa Iorliam, wani ɗan ƙabilar Tibi mai sayar da doya, yana ajiye irin shuka saboda wurin da sanyi.

Ranar Alhamis mai unguwa ya aiko da saƙo: ranar Litinin wasu injiniyoyi za su zo duba tsofaffin kayan layin. Abin da ke da sauran amfani a bar shi, wanda ya mutu a rushe a sayar wa masu gwangwan. Ga shi kuma ranar Lahadi ake sunan jikan Salmanu na fari, ɗan da 'yarsa Bilkis ta haifa a Doma.

"Baban Dooshima," in ji Salmanu, yana miƙa makullin kamar wanda ake cire wa haƙori, "shara kawai. Ka kwashe doyarka, ka share, ka kulle. Shara na ce."

"Baban Bilkis, ka tafi ka ci nama," in ji Iorliam. "Ni yaro ne? Wurin nan, kai da kanka ba za ka gane shi ba."

Gaskiya ya faɗa.

Da sassafen Litinin Salmanu ya sauka daga mashin, ya hango duwatsun bakin hanya sun yi fari fat, haka gindin mangwaro, haka matakalar benen. Wannan bai dame shi ba. Kowa ya sani, in manya za su zo, sai an shafa wa dutse da bishiya fari. Sai da ya hau sama ya tura ƙofa ya ga abin da aka yi.

Libobi goma sha huɗu, dukansu farare ƙal, tun daga mariƙi har ƙasa.

"Innalillahi! Iorliam!"

Iorliam ya hawo yana murmushi, da ɗigon fenti a gemu. "Ka gani? Fentin da ya rage a coci ne, mai kyau, na mai. Ni da matata muka yi shi. Sau biyu muka shafa."

"Sau biyu!"

"Na farko, jan yana leƙowa."

Salmanu ya dafe kai. "Jan ai shi ne maganar! Ja na sigina ne. Baƙi na sauya layi. Shuɗi na kullewa. Ka ɗauka don kwalliya aka yi musu launi? Fari kuwa, a aikin reluwe, shi ne libar da aka kashe, wadda ba ta jan komai. Duk ɗakin nan guda ɗaya ce fara, ta goma sha huɗu. Yanzu ka rubuta wa mutanen nan da hannunka cewa komai ya mutu!"

Murmushin Iorliam ya ɓace. "To ni ina na sani? Shekara ashirin muna tare, ka taɓa faɗa mini?"

"Na ce maka shara!"

"Shara ne zai burge manya? Kai ma fa, Malam."

Babu lokacin faɗa. Salmanu ya ruga gida ya ɗauko kananzir da tsummokaran shago, Iorliam ya zaro wuƙar feran doya. Suka duƙufa a kan liba ta ɗaya. Fentin ya bushe a sama, ƙasansa danƙo, kananzir ya mayar da shi kamar kunun da ya kwana. Ba su kai ga ganin ja ko faɗin tafin hannu ba suka ji tsayuwar mota.

Mutum uku ne suka fito. Babbansu wani siriri mai tabarau, ya ce sunansa Injiniya Abdurra'uf. Ya gaishe su da ladabi, ya hau sama, ya tsaya a bakin ƙofa. Kafin Salmanu ya buɗe baki, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya danna wani abu.

"Duka an kashe su ke nan," ya ce wa na bayansa.

"Ranka ya daɗe, ba a kashe ko ɗaya ba," in ji Salmanu. "Jiya aka shafa fentin nan. Kuskure ne. Taɓa ka ji."

Injiniyan ya taɓa, ya dubi yatsansa. "Wa ya shafa?"

"Ni ne, oga," in ji Iorliam, ya matso. Da alama ya ƙudura sai ya gyara ɓarnarsa. "Amma ginin nan, ƙarfi gare shi. Shekara goma ina ajiye doya a ƙasa, ko ɓera ɗaya bai shiga ba."

"Au, sito ne ma?"

Salmanu ya juya ya dubi maƙwabcinsa, irin kallon da ba ya buƙatar magana. Iorliam ya koma jikin taga.

"Injiniya, don Allah ja wannan," in ji Salmanu, ya nuna ta bakwai.

Abdurra'uf ya kama ya ja. Ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa. Shiru.

"Ka gani, Baba? Ta yi tsatsa."

"Ba tsatsa ba ce. Ba za ta yarda ba sai an ja ta uku, sannan ta biyar. Haka aka ƙera su, don kada mutum ya buɗe wa jirgi hanya alhali layin bai zauna ba. Ko mahaifina da ya shekara talatin a nan, ba ta taɓa ɗaga masa ƙafa ba."

Ya ja ta uku, ta yi ƙara ƙwas. Ya ja ta biyar. Ya ce, "To, yanzu."

Injiniyan ya ja ta bakwai, ta biyo hannunsa sumul. Can waje, kusa da mangwaro, hannun sigina guda ɗaya da ɓarayin waya suka bari ya sauko a hankali yana kuka. Wata mai tallar lemo da ke tsallaka layin ta dubi sama, ta ƙwalla ƙara, ta kwasa da gudu da tirenta a ka.

Abdurra'uf ya yi dariya har ya cire tabarau. "Wallahi a littafi kawai na taɓa ganin wannan. Sake yi in gani."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Zuciyar Salmanu ta fara kwanciya.

"To, ranka ya daɗe, za a gyara abin da aka rubuta?"

Injiniyan ya sosa ƙeya. "Matsalar ita ce, Baba, hoton ya riga ya tafi ofis. Da an ɗauka yake tafiya, ni ba ni da ikon janye shi. Waɗanda ke can hoto suke dubawa su yanke. Amma akwai wurin ƙarin bayani a ƙasa, zan rubuta."

"Ana karanta wurin?"

"Wani lokaci."

"Wane lokaci?"

Abdurra'uf ya dubi agogonsa, ya ce suna da sauran tasha biyu kafin la'asar.

Da motar ta tafi, Iorliam ya daɗe yana juya wuƙarsa. Sannan ya ce, "Baban Bilkis, akwai sauran fenti kaɗan. Ko in shafa wa ƙofa?"

Salmanu ya miƙa masa tsumma da kananzir, ya nuna masa liba ta ɗaya.

Mako uku suka yi suna kankara, Salmanu yana rufe shago rabin yini, masu ɗinki suna ta zuwa suna komawa da ƙorafi. Ja ya fito, baƙi ya fito, shuɗi ya fito, duk da ɗigon fari a lungu-lungu. Ya sa aka ɗauki sabon hoto aka aika wa lambar da injiniyan ya bari. Saƙon ya shiga, amsa ba ta zo ba.

A wata na biyu wata babbar mota ta zo da masu yankan ƙarfe, suka yanyanka tsofaffin taragu biyu da ke bayan tasha suka loda. Salmanu ya bi shugabansu yana tambaya ko ɗakin sigina na cikin takardarsu. Mutumin ya ce shi taragu aka ba shi, gine-gine wasu ne za su zo.

Har yau ba su zo ba. Salmanu bai san ko an karanta bayanin injiniyan ba, bai kuma san a wane jeri aka sa ɗakin ba, na bari ko na rushewa.