Danna Ja

Babban yatsan Baba Mai Washi ya daɗe da daina jin ƙananan abubuwa. Shekara talatin da 'yan kai yana shafa shi a bakin wuƙa don ya ji ko ta ci, har fatar wurin ta koma kamar ƙasan takalmi. Kaifi kam yana gane shi ko ido rufe. Amma maɓallin waya, ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar shinkafa, in ya ɗora yatsa sai ya danne uku a haɗe.

Autarsa ce ta sayo masa wayar. A shagon gyaran gashi take aiki, kuma ta gaji da zama ba ta san inda ubanta yake ba daga safe har yamma. Wayar irin mai arahar nan ce da ta cika gari, baƙa, da 'yar tocila a ka, caji ɗaya ya kai ka kwana biyar. Ba mai kiranta da sunan da ke jikin kwali. Mai Shela ake ce mata, don ba ta san raɗa ba, in ka ɗaga kira har na tsallaken titi sai ya ji sirrin gidanku. Kiɗanta kuma guda ɗaya ne tak. In ta yi kuka a cikin mota, mutum biyar ne za su kai hannu aljihu.

Da safen nan Auta ta zaunar da shi a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗora masa wayar a tafi.

"Baba, kore. Koren nan na hagu. Shi kaɗai za ka taɓa."

"Ni duk baƙi nake gani."

Ta kalli yatsan nasa. Can ta buɗe jaka ta ɗauko jan farce, ta ɗiga a kan koren maɓallin, ta hura ya bushe, ta ƙara wani ɗigon har ya yi ɗan tudu.

"To shafa. Ka ji shi?"

"Na ji wani ƙurji."

"Shi ne. In ta yi kuka, danna ja."

"Ɗazu fa kika ce kore."

"Koren ne ya koma ja. Kai dai danna ja, kar ka yi min gardama."

Ta rubuta masa lambarsa a 'yar takarda ta cusa cikin naɗin hularsa. Ta ce da tsakar rana, lokacin hutunta, za ta gwada shi sau uku. Uku kawai, don mai shagonsu ba ta son ganin waya a hannun ma'aikata.

"In ka kasa, da yamma mu koma darasi, da bulalata."

"Yau ga 'ya za ta zane ubanta," in ji shi yana dariya. Ya saka wayar a aljihun gaba, ya tura kekensa mai dutsen washi ya fita.

Rana ta take tsaka ta same shi a bakin tasha, gindin wani babban allon talla. Ya kafe keken ya hau yana taka feda, dutse na juyawa, tartsatsi na tashi daga wuƙar wata mata mai sayar da abarba. A jikin keken akwai jakar da ya naɗe wuƙaƙe bakwai na masu gidan abinci, waɗanda ya wasa jiya zai mayar musu. Dab da shi wata farar bas ce ake lodi, tagarta a buɗe.

Yana cikin shafa bakin wuƙar da yatsa, sai ihu ya tashi. Direban bas ɗin ne, ƙato mai tawul a wuya, yana zazzage kujera yana rantsuwa.

"Yanzun nan na ajiye ta! Nan, a kan kujera! Wallahi ba wanda zai bar wurin nan!"

Ya fizgi wayar mai facin tayar da ke gefen tashar ya danna lambarsa. Ya ɗaga hannu sama.

"Kowa ya yi shiru!"

Tashar ta yi tsit, har kana jin dutsen washi na ƙarasa juyinsa shi kaɗai. A cikin wannan shirun aljihun Baba Mai Washi ya fashe da kiɗa.

Abin da ya fara zuwa ransa murna ce. Auta ce. Ya ajiye wuƙar ya ciro wayar yana murmushi, yana laluben ƙurjin da yatsa. Bai kai ga samunsa ba mari ya sauka masa a kunne, irin wanda ke ɗauke ji. Ya faɗo daga kan keken, keken ya biyo shi, wayar ta yi tsalle ta bugi kwalta, gilashinta ya tsage, wani baƙi ya malale a ciki kamar tawada. Kiɗan ya tsaya.

"Ɓarawo! Ga shi nan!"

Bai san tashar na da mutane haka ba. Ƙafafu kawai yake gani, silifa, takalmin roba, wani ma ba takalmi. Aka shure shi a haƙarƙari, aka shure shi a baya. Wani ya ɗaga benci ya sauke masa a kafaɗa. Ya dunƙule ya cusa hannun damansa a hammata, don shi ne abincinsa.

Direba ya shaƙi wuyan rigarsa ya ɗaga shi zaune.

"Tsoho da kai! Da furfurarka!"

"Ɗana, tawa ce. 'Yata ce ta saya min."

"Taka ce? To faɗi lambarta."

Tsohon ya buɗe baki. Babu komai a ciki sai jini da wani haƙori da ke lilo. Ya kai hannu ka zai ciro takardar, ya ji kan a buɗe. Hular ta daɗe da bin ƙafafun mutane.

"Bai sani ba! Kun ji? Wayarsa ce amma bai san lambarta ba!"

Mai abarba ta kutso tana kare shi da hannu.

"Ku ji tsoron Allah! Shekara nawa mutumin nan yana wasa mana wuƙa? Tun ɗazu yana gabana bai motsa ba!"

"Ke uwar dillalai, matsa, ko tare kuke?"

Wani ya hankaɗe ta ta faɗa kan tirenta, abarba ta tarwatse. A daidai nan wani ɗan kamasho ya zazzage jakar keken, wuƙaƙe bakwai suka zube a ƙasa suna ƙyalli.

"Kai! Ku zo ku ga kayan aikinsa! Ba ƙaramin ɓarawo ba ne, ɗan fashi ne!"

Aka sake rufe shi. Wanda bai san farkon zancen ba ma yana zuwa zai miƙa nasa dukan, sannan ya tambayi na kusa me aka yi.

Sai kiɗan ya sake tashi, wannan karon a hannun direba, wanda ya tsinci wayar. Ya duba gilashin, ba abin da ke fitowa sai baƙi.

"Matata ce, na san lokacinta," in ji shi. Ya juya wayar, ya ga ɗigon jan farcen. "Ku duba mugu! Har ya shafa mata fenti don ya ɓad da kama."

Baba Mai Washi ya ɗago kai da ƙyar. Kira na biyu ke nan. Ya tattara abin da ya rage masa na murya.

"Danna ja, ɗana. Don Allah danna ja ka ji."

Aka kwashe da dariya, mugunyar dariya.

"Kun ji wayo? In danna ja in kashe kiran, kar a ji muryar matata! Mu za ka yi wa dabara?" Direba ya sunkuyo har numfashinsa na bugun fuskar tsohon. "To ga jan, na danna maka. Sai me?"

Ya danna jan kamfani, na dama, wanda duk duniya ta sani. Kiɗan ya mutu.

"Ba shi ba," in ji Baba Mai Washi. "Ɗayan jan."

Ba wanda ya ji shi. Direba ya jefa wayar a aljihun gefen rigarsa, ya karɓi ƙarfen kwance taya daga hannun wani.

"Da wane hannu ka ɗauka? Da wannan da kake ɓoyewa?"

Mutum biyu suka zaro hannun daga hammatarsa suka shimfiɗa a kwalta, ɗaya ya taka tsintsiyar hannun. Ya roƙe su. Ya ce su ɗauki keken, su ɗauki dutsen, su fasa masa kai in suna so, amma su bar masa hannun. Ƙarfen ya sauka sau biyu. A na biyun ya ji ƙarar yatsunsa da kunnensa, kamar ana karya busassun ƙirare. Ihun da ya yi bai yi kama da muryarsa ba.

Daga baya can wani ya ce a kawo taya. Maganar ta bi bakuna kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Mai faci ya ce ba da tayarsa ba, aka ture shi aka mirgino ɗaya. Aka zura wa tsohon ita ta ka, ta zauna masa a kafaɗu. Wani mai babur ya tsiyayo fetur a gorar ruwa. Sanyinsa ya fara ji a ƙeya, sannan warin, sannan raɗaɗi a duk inda fata ta fashe.

"Wa ke da ashana?"

Mutane suka ja da baya, suka bar fili kewaye da shi. Direba kaɗai ya rage a kusa, yana huci, yana lalube a aljihun wando. Baba Mai Washi ya daina roƙo. Yana ta lissafi a ransa. Sau uku ta ce. Ko mai shagon ta gan ta ta ƙwace wayar? Ko ta yi fushi ta haƙura?

Aljihun direba ya ɗau kiɗa.

Tsohon bai san inda ya samo ƙarfin ba. Da tayar a wuyansa ya yunƙura ya faɗa kan ƙafafun direba, ya cafki aljihun da hannun hagu ya fizga. Aljihun ya yage, wayar ta faɗo. Ya kifa a kanta. Duka ya sauko masa a gadon baya, wani na jan ƙafarsa, wani na ihun a ƙyasta kawai. Shi kuwa yana ƙarƙashin kansa cikin duhu, yatsan hagu na bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, jini ya sa duk sun yi santsi. Yatsan hagu bai taɓa shafa wuƙa ba, fatarsa na nan da ranta. Ya ji ƙurjin. Ya danna.

"Baba! Ka iya! Wallahi ka iya!"

Muryar ta fito daga ƙarƙashin ƙirjinsa ta cika tashar, har da dariyarta.

"Na farko ka bar ni ina ta ringi, na biyu ka kashe min a kunne! Ba na ce maka jan farcena ba? Kai Baba, ka tsira daga bulala da ƙyar!"

Hannun da ke jan ƙafarsa ya saki. Ya mirgina a hankali, ya ɗaga wayar kusa da bakinsa.

"Auta."

"Na'am. Me ya sami muryarka? Ka ci abinci kuwa?"

"Ƙurar dutse ce."

Mai faci ya sake danna lambar direba a tasa wayar, ya kara a kunne, sannan ya miƙa wa direba. Direba ya saurara. A kashe take. Ashanar da ya samo ta zame daga hannunsa.

Na bayan taro suka fara zamewa. Mai babur ya tura gorar fetur ƙarƙashin benci da ƙafa. Ɗan kamasho ya hau tsince wuƙaƙe yana goge su da rigarsa, kamar dama aikin da ya zo yi ke nan. Mai abarba ce ta zo tana kuka ta ciccire masa tayar, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe hannun. Ya kalli babban yatsan kafin ta rufe shi. Yatsan ya juya wani gefe da ba nasa ba.

Direba ya durƙusa.

"Baba, kuskure ne. Wallahi kiɗan iri ɗaya ne. Tashi in kai ka asibiti, motata ga ta nan."

"Asibiti?" in ji wayar. "Wane asibiti? Waye wannan? Baba!"

Tsohon ya kalli maɓallan. Ɗagawa kawai aka koya masa, ba a kai ga darasin kashewa ba.

"Wa ke kuka a wurin? Me aka yi maka? Kai mai maganar asibiti, da kai nake! Me ka yi wa ubana?"

Direba ya kalli wayar. Ya miƙa hannu kamar zai danna jan dama. Baba Mai Washi ya janye wayar ya manna ta a ƙirji.

"Bar ta," in ji shi. "Tambayarka take yi."

Ya kwantar da kai a cinyar mai abarba, ya gaya wa 'yarsa ta zo bakin tasha, gindin babban allon nan, ta taho masa da wata riga. Ta ce ga ta nan, kar ya kashe, kar ya kuskura ya kashe. Bai kashe ba. Duk wanda ya rage a wurin yana jin ƙarar takalminta a kan titi, da hakinta, da tambayar da take maimaitawa tana gudu. Direba na durƙushe a cikin fetur, bai amsa ba, bai kuma tashi ba.