Buhunan Maman Japheth

Ni dai ban san kwamfuta ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Duk koyarwar da na yi a firamare da alli na yi ta. Amma 'yata Lucia ta sa na haddace sunan manhajoji biyu, SPSS da R, kamar yadda mutum ke haddace sunan maƙwabtan da kullum sai an raba su faɗa.

Lucia tana digiri na uku a fannin noma a nan Samaru. Bincikenta a kan matan ƙauyenmu ne, can wajen Kachia, masu noman citta: shin haɗa kashin kaji da takin zamani yana ƙara amfanin gona, ko wahalar banza ce? Zumuntar mata ta cocinmu na gida ta riga ta aiko cewa duk abin da Lucia ta faɗa, shi za su bi a daminar bana.

Bayanan da ta tattaro suna cikin SPSS, lissafin da malamanta ke so kuwa sai R ke iya yi. Akwai wata 'yar manhaja da ke haɗa su, ita Lucia gada take ce mata. Ana zaune lafiya har ranar da gilashin kwamfutar ya fashe. Na raka ta Sabon Gari a keke Napep, shagon Iyke mai gyaran kwamfuta, mutum mai hannu da kuma yawan kirki. Kirkin nan nasa ne ya ja mana.

Da muka dawo gida, gilashi tas, gada kuwa ta karye. SPSS ta ce sam ba ta ga wata R ba. Lucia ta goge gadar ta sake sakawa, shiru. Ta nuna wa SPSS inda R take zaune, ta ƙi. Abokan karatunta suka ce ta bar wahalar da kanta, ta kai wa masu lissafin haya na bakin titi, su ba ta sakamako da ɗuminsa. Na ji haushin shawarar nan har na kasa cin tuwo. Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Can ta duba lambar R ɗin, ta yi tsaki.

"Baba, ɗauko hularka. Sabon Gari za mu koma."

Iyke ya tarbe mu da fara'arsa. Lucia ta tambaye shi ko ya taɓa wani abu ban da gilashi.

"Papa, na jara," in ji shi da Turancin buroka, yana kallona, wato gyara ce ya ƙara mana. Ya koma Hausa. "Duk wanda ya kawo mini aiki sai na sabunta masa komai kyauta. Na ga R ɗinta ta tsufa, na sa mata sabuwa fil."

"Tsohuwar nake so," in ji Lucia. "SPSS ɗina tsohuwa ce, da sa'arta kaɗai take magana."

Iyke ya riƙe haɓa. Tunda ya buɗe shago ba a taɓa roƙonsa tsohon kaya ba. Suka zauna tare suka nemo wadda ta dace, gada ta miƙe.

Sakamakon da ya fito kuwa ya wuce hankali. Matan da suka haɗa takin sun ninka sauran sau da yawa. Malaminta, Dakta Bamidele, ya leƙa ya ce wannan aiki zai yi suna. Ni har na fara tunanin wace babbar riga zan sa.

Lucia ce kawai ba ta yi murna ba. Ta zauna a tsakar gida tana bin sunayen matan ɗaya bayan ɗaya, sai ta kira ni.

"Baba, ka san gonar Maman Japheth?"

Na sani mana. Gwauruwa ce, gonarta ba ta fi filin cocinmu ba.

"R ta ce ta samu buhu ɗari tara da casa'in da tara."

Na yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba, ta yi mini bayani. A wajenmu mace ba ta faɗa wa baƙo yawan abin da ta haƙo a gona. Ko ni da aka haifa a can, in na tambaya, "mun gode Allah" za a ce mini. To, duk matar da ta ƙi faɗa, masu taya Lucia tambaya sai su rubuta tara uku a jere, alamar babu amsa. SPSS an gaya mata ta tsallake wannan lamba. Amma da bayanan suka haye gada, R ba ta san da wannan yarjejeniya ba, ta ɗauka buhunan gaske ne. Kuma yawancin masu ɓoyewar cikin waɗanda suka haɗa takin suke.

"In kin gyara fa?" na tambaye ta.

"Ƙarin zai zama ɗan kaɗan. A ƙasa mai yashi ma babu shi."

Gaskiya na ji zafi a raina, don na ga yadda ta wahala, kuma ba wanda zai taɓa gane cewa gonar Maman Japheth ƙarama ce. Ta gyara. Ta koya wa R ta bar wuraren nan fanko, ta sake lissafi tun daga farko, ta kai wa Dakta Bamidele. Ya ce ta yi daidai, sai dai ta shirya wa tambayoyi.

Ranar kare aikin na zauna a kujerar baya. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a, wani dattijo mai kaifin baki, ya juya takardun yana yamutsa fuska.

"Sakamakonki ba shi da armashi," in ji shi. "Ga gurabe fanko birjik. Me ya hana ki cike su da ƙiyasi, tunda manhajar tana iyawa?"

Lucia ta gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, na gwada ƙiyasin, yana shafi na baya, bai canza komai ba. Amma ban sa shi a gaba ba. Matan nan ba su faɗa mini ba, ni kuma ba zan faɗa a madadinsu ba. Da wannan takarda za su shiga gona bana."

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau, ya ɗauki biro ya sa hannu.

Wani da ke zaune kusa da ni, wanda ban taɓa gani ba, ya sunkuyo ya tambaye ni ko na san yarinyar. Sai da na share ido da hular da ke hannuna kafin na iya ce masa ni na haife ta.