Faɗin Tabarma

"Baba Direba, noma kake ko barci?"

Mai ɗinki ce ta leƙo ta saman shingen da ya raba lambunta da nasa. Tsohon yana kwance ta gefe a kan tabarma tsakiyar ciyawa, yana tuge ta da hannu ɗaya.

"Duka biyun, 'yata. Bayan nan ya ce ba zai sunkuya ba, ni kuma na ce ba zan zauna ba. Shi ne muka yi sulhu."

Kujerar babbar mota ce ta cinye masa baya. Tun rasuwar matarsa lambun ya koma daji, ciyawa har ƙugu, ga ƙaya, ga tsofaffin ledoji. Masu kula da filayen sun ce duk wanda ruwan farko ya tarar da nasa haka, za a ba wani. Shi kuwa Autarsa yake tanadar wa, tana shirin dawowa gida da yaranta.

Sai ya shimfiɗa tabarma, ya tuge iya inda hannunsa ya kai, ya mirgina ya yi ɗaya gefen, sannan ya ja ta gaba.

"Baba, a banka masa wuta mana kowa ya huta."

"Wuta ta san lemo? Mai ɗakina ta dasa ɗaya a nan ciki kafin ta kwanta. Ban tambaye ta wurin ba. Na ɗauka akwai lokaci."

Wata safiya mai ɗinki ta ga tabarmar a naɗe, jingine da shinge. Rana ta ɗaga, ba a warware ta ba. Da aka tura ƙofar ɗakinsa, yana kan gado, takalman aikinsa a jere a ƙasa, rai ya yi halinsa.

Bayan an kai shi makwanci, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mai ɗinki ta dubi rabin lambun da ya rage. Ita ma keken ɗinki bai bar mata baya ba. Ta warware tabarmar, ta kwanta.

"Asibiti aka buɗe?" in ji wani mai faci da ya zo wucewa.

"Akwai gado, in za ka kwanta."

Ya yi dariya, ya je ya ɗauko buhu ya shimfiɗa. Matarsa ta biyo shi da tata tabarmar. Haka Auta ta iske su, manya a kwance cikin ciyawa suna mirginawa. Ta tuɓe takalmi, ta shiga cikinsu.

Kusa da kusurwa hannun mai ɗinki ya taɓa wani abu mai sanyi. Tsohon bokiti ne da aka cire wa gindi, aka kafa shi a ƙasa.

"Auta, zo."

A ciki ga ɗan lemon, bai kai gwiwa ba, siriri, ganyensa kore shar. Auta ta murza ganye ɗaya, ta kai hanci. Suna nan durƙushe ɗigon farko ya buga gefen bokitin.