Zoben da Ya Tsaya a Iska

Tun da cutar yanar ido ta fara rufe idanun Baba, mutane suka daina kawo masa fanka da injin ruwa ya naɗa musu waya. Shekara arba'in yana wannan sana'a, yanzu sai a gaishe shi daga bakin shago a yi gaba. Har shi kansa ya soma zargin hannunsa.

Ana nan sai 'yarsa, malamar kimiyya, ta kawo masa sandan ƙarfe da waya, wai ya yi mata naɗi zagaye ɗari takwas, za ta nuna wa ɗalibanta wani abu. Ya ce ta nemi mai ido. Ta ajiye kayan ta yi tafiyarta. Taurin kai kam, a wurinsa ta gada.

Kwana uku yana naɗi da lalube, yana ƙirgawa a baki, babban yatsansa na bin kowane zagaye.

Ranar gwaji ta kai shi ajin, ta zaunar da shi kusa da tebur. Ya san in wayar ta ƙone a gaban yara, ita zai ba kunya. Ya ji ta zura zoben alminiyom a sandan, ta kunna wuta. Wani siririn ƙugi ya tashi. Ajin ya yi tsit, har mai tari a baya ya haɗiye tarinsa.

Ba hayaƙi, ba ƙauri. To me suke gani?

"Baba, kawo hannunka," in ji ta.

Ta ɗora yatsunsa a kan zoben. Zoben yana tsaye a tsakiyar sandan, yana ɗan karkarwa. Ya shafa ƙasansa, ba komai. Ya shafa samansa, ba zare. Ya danna shi ƙasa, sai zoben ya turo yatsunsa sama kamar mai rai, ga ɗumi yana shigarsa.

Tana ta yi wa yara bayani cewa wutar naɗin ce ke haifar da maganaɗisu, shi kuma ya tayar da wata wuta a cikin zoben, su yi ta ture juna. Rabin maganar kawai Baba ya ji. Mamaki da murna suka cika shi. Ashe duk shekarun nan abin da yake naɗawa ke nan, bai taɓa taɓa shi ba sai yau.

Ta kai hannu za ta kashe, don zoben ya fara zafi.

"Dakata tukuna, 'yar nan," ya ce, ya sake dannawa.