Ɓerayen Koren Kati

Ranar Juma'a labarin ya iske Bodil, tana tsaye gaban injin wanke kejin ɓeraye, hannunta cikin safar roba. Jytte, abokiyar aikinta, ta leƙo.

"Ajiye wannan, tsohuwa. Asger ya buɗe ambulan, har kek ya sayo."

Bodil ba ta motsa ba. Shekara goma sha huɗu tana kula da ɗakin ɓeraye a wannan wurin bincike na birnin Odense, ba ta taɓa damuwa da abin da masu binciken nan masu farar riga ke nema ba, sai bana. Bana maganin laulayi ake gwadawa a kan ɓeraye masu ciki, irin maganin da ita ma ta sha wata uku tana da cikin 'yarta Malene. Malene ta zo da huda a zuciya, kwananta tara a duniya. Ba wanda ya taɓa ce wa Bodil laifinta ne. Ita ke faɗa wa kanta, shekara ashirin da shida ke nan.

Ƙa'idar aikin ita ce kada kowa ya san ɓerar da ke shan magani. Rabin kejin an maƙala musu koren kati, rabi shuɗi, sirrin yana cikin ambulan a rufe. Amma Bodil ta riga ta yanke hukunci. Ta ga wata mai koren kati ta rame, wata ta yi ɓari. Tun daga nan, in za ta sa hannu a kejin kore sai ta kau da kai.

A ɗakin shan kofi ta tarar da Asger, mai binciken, yana yanka kek a karkace.

"Kai da ke feɗe ɓera, kek ya gagare ka?" in ji Jytte.

Bodil ba ta zauna ba. Ta ce, "Kore ne, ko?"

"Kore? Ruwan sukari kawai suka sha. Shuɗi ne masu magani."

"Wadda ta yi ɓari fa?"

"Ɓeraye ma suna ɓari, Bodil, ko ba a ba su komai ba."

"Zuciyar 'ya'yan nake tambaya."

Ya ajiye wuƙar ya dube ta. "'Yan tayi ɗari uku na duba, ɗaya bayan ɗaya. Huda biyu a shuɗi, uku a kore. Ba bambanci. Me ya faru?"

"Na sha shi," ta ce. "'Yata ta mutu."

Jytte ta ja kujera ta danna Bodil a kai.

Asger ya ce a hankali, "Ɓera ba mutum ba ce, ba zan rantse miki ba. Amma na nemi laifin maganin nan da gaske, ban samu ba."

Bodil ta jinjina kai. Ba rantsuwa take nema ba. Ya ishe ta cewa wani ya duba. Kafaɗunta suka sauka, ta ji yunwa irin wadda ta daɗe ba ta ji ba.

"Ba ni babban yankan," ta ce.

Da za ta tashi aiki ta zare koren kati ɗaya daga kejin da aka wanke, da ta isa gida ta soke shi a bayan hoton Malene da ke kan tagar kicin. Har yau, kowace safiya takan kunna kyandir a gaban hoton, ta sha kofinta, ta ce, "Na tafi aiki, 'yata." Sai ta hure wutar, ta ɗauki makullin kekenta.